Gina Sabo Don Raya Tsoho: Nazarin Samar da Kuɗin Adana Gine-ginen Tarihi ta Hanyar Gina Sababbin Gidaje a Cikaji da Kewayenta, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wata hanya ta samar da kuɗin gyara da adana gine-ginen tarihi, wato a ba da izinin gina sababbin gidaje a filin da ke jikin tsohon gini, bisa sharaɗin rarar kuɗin gidajen ta tafi ga gyaransa. An kira wannan hanya da suna ginin tallafi. Maƙalar ta bi diddigin tsarin a Ingila, ta kwatanta shi da waƙafi a duniyar Musulmi, sannan ta auna shi da yanayin Zariya, musamman yankin Cikaji da Sabon Gari da Samaru. An gano cewa tsarin ya fi dacewa da gine-ginen zamanin jirgin ƙasa da masana'antu, waɗanda ke da mamallaki guda da wadataccen fili, a kan gidajen ƙasa na cikin birni da gado ya rarraba. An kuma gano cewa kuɗin tabbatar da kulawa ta dindindin na iya zarce na cike giɓin gyara. Saboda haka maƙalar ta kammala da cewa tsarin ba zai amfani Zariya ba sai an ɗaure gyaran da doka kafin sayar da gidajen, an kuma keɓe wani kaso nasu a matsayin waƙafi.

Fitilun Kalmomi: ginin tallafi, giɓin gyara, waƙafi, ginin gargajiya, Cikaji, Zariya

1.0 Gabatarwa

A ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta a kan masallata lokacin sallar la'asar, aka rasa rayuka. Masallacin, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), shi ne ginin da masana suka fi kafa hujja da shi a kan gwanintar maginan Hausa. Bayan aukuwar wannan ibtila'i an ƙaddamar da gidauniyar sake gina shi, masu hali kuma suka ba da gudummawa. Sai dai masallacin Juma'a na fada yana da alfarmar da sauran gine-gine ba su da ita. Tsohon zaure ko tsohon siton auduga ko gidan ma'aikacin jirgin ƙasa ba wanda zai kira taron gidauniya dominsa, alhali shi ma ruwan damina ba ya ɗaga masa ƙafa.

Ke nan, tambayar da ke gaban masu kishin waɗannan gine-gine ta kuɗi ce: daga ina za a samo abin da za a gyara su da shi, kuma daga ina za a ci gaba da samun abin kula da su bayan gyaran? Kason da gwamnatoci ke warewa ga al'adu da kayan tarihi ba ya isa, masu gine-ginen kuma sukan ga cewa filin da ginin ke kai ya fi ginin kansa daraja a kasuwa. A gefe guda kuwa, buƙatar muhalli na ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kusan 290,000 a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da fiye da 400,000 a ta Zariya, ga kuma ɗalibai da ma'aikatan manyan makarantun da garin ya yi suna da su. Wannan maƙala ta duba ko za a iya sa ƙishin gidaje ya zama mai ciyar da tsofaffin gine-gine, maimakon ya zama ajalinsu.

1.1 Farfajiya da Hanyar Nazari

Nazarin ya taƙaita ga Zariya, ya kuma fi mayar da hankali ga Cikaji, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, da maƙwabtanta. An bi hanyar kwatance: an fito da ka'idojin tsarin kamar yadda suke a inda aka fi aiki da shi, an gwada su da dokokin filaye da na kayan tarihi na Nijeriya, sannan aka yi lissafin misali domin a ga girman filin da tsarin ke buƙata.

2.0 Ma'anar Ginin Tallafi da Giɓin Gyara

Ginin tallafi shi ne sabon ginin da a ka'ida hukumar tsara gari ba za ta amince da shi ba, amma ta amince saboda shi ne kaɗai hanyar samun kuɗin ceto wani gini mai tarihi. Jama'a suna sarayar da wani abu, kamar sararin fili ko kyan gani, domin su tsira da abin da ya fi shi muhimmanci. Ma'aunin da ake dogara da shi a nan shi ne giɓin gyara, wato bambancin da ke tsakanin kuɗin da gyaran gini zai ci da darajar ginin a kasuwa bayan an gyara shi. Idan gyara zai ci abin da ya zarce darajar ginin, ba ɗan kasuwar da zai taɓa shi don kansa. Wannan giɓin ne rarar kuɗin sababbin gidaje ke cikewa.

2.1 Tsarin a Ingila

Hukumar English Heritage ta fitar da manufarta ta farko a kan wannan tsari a 1999, ta faɗaɗa ta a 2008, sannan magajiyarta Historic England ta sabunta jagoran a 2020. Manufar 2008 ta gindaya sharuɗɗa bakwai, waɗanda za a iya taƙaita su kamar haka: kada sabon gini ya ɓata darajar tsohon, kada a daddatsa wurin ta yadda kula da shi zai gagara, a tabbatar da ɗorewar ginin, buƙatar kuɗin ta taso daga halin da ginin ke ciki, ba daga halin mai shi ko tsadar da ya saye shi ba, a tabbatar babu wata kafar tallafi, sabon ginin ya tsaya a mafi ƙarancin abin da zai cike giɓin, amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi asarar da za su yi. Ana ɗaure alkawarin mai gini da yarjejeniya a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990, kuma yarjejeniyar tana bin filin ne, ko da ya sauya hannu.

Misalin da tsarin ya yi nasara shi ne Bentley Priory a arewacin Landan, inda rundunar sojan saman Birtaniya ta ja ragamar yaƙin sama na 1940. Da sojoji suka tashi daga wurin a 2008, an ba da izinin gina gidaje a harabarsa, aka gyara babban ginin da kuɗin masu ginin, aka buɗe gidan tarihi a cikinsa a 2013. Misalin gargaɗi kuwa shi ne tsohuwar tashar lantarki ta Battersea, wadda ta daina aiki a 1983, wasu kamfanonin Maleshiya suka saye ta a 2012, aka buɗe ta a Oktoba 2022. An ceci ginin, amma a 2017 hukumar yankin ta amince a rage gidajen masu ƙaramin ƙarfi da aka yi alkawari daga 636 zuwa 386, bisa hujjar kuɗin gyara ya hau. Wato talaka ne ya biya wani kaso na kuɗin ceton.

2.2 Waƙafi: Tushen da Aka Riga Aka Sani

Tunanin cewa gini mai kawo kuɗi ya ɗauki nauyin gini marar kawo kuɗi ba baƙo ba ne ga al'ummar Musulmi. A Santambul, kasuwar kayan ƙamshi da aka gina a shekarun 1660 an gina ta ne a matsayin waƙafin masallacin Yeni Cami, domin kuɗin hayar rumfunanta su riƙe masallacin. Turkawa sun kuma yi amfani da tsarin haya biyu wajen sake gina kadarorin waƙafi da gobara ta ci: mai haya ya biya kuɗi masu kauri da farko a yi gini da su, sannan ya riƙa biyan ɗan abu kaɗan duk shekara. A ƙasar Hausa ma, jera shaguna a jikin katangar masallaci ko makaranta domin samun kuɗin wuta da ruwa da alawus na limami da ladan abu ne da aka saba gani.

Akwai bambanci mai muhimmanci tsakanin tsarin biyu. Ginin tallafi na Ingila yakan samar da dunƙulen kuɗi sau ɗaya, a yi gyara a wuce. Waƙafi kuwa kuɗin shiga yake samarwa a kai a kai, kuma ba a sayar da asalinsa, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Kamar yadda za a gani a gaba, gine-ginen Zariya suna buƙatar duka biyun.

3.0 Rukunan Gine-ginen Tarihi a Zariya

3.1 Gine-ginen Cikin Birni

Rukuni na farko shi ne gine-ginen ƙasa: ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, da fada, da masallatai, da zaurukan gidajen sarauta da na malamai da attajirai. A wajen birni akwai majami'ar Wusasa, wadda aka gina da ƙasa a salon Hausa wajen 1929. Masana irin su J. C. Moughtin da Z. R. Dmochowski da Hamman Tukur Saad da Friedrich Schwerdtfeger sun yi rubuce-rubuce masu zurfi a kan wannan rukuni, har Dmochowski ya tsara kwafin Masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa. Ana ɗora tubali, a yi rufi da azarar giginya, a ɗaure bakan gizo ko ɗaurin guga, a shafe da makuba ko laso, a kafa indararo domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Zariya na samun ruwan sama da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba. Idan aka tsallake yaɓe na shekara biyu ko uku, ko indararo ya toshe, ruwa zai ratsa rufi ya riske azara, daga nan sai ruɓewa da gara. A da, maigida yana da iyalai da barori da ke wannan aiki, Sarkin Magina yana da jama'arsa, ganuwa kuma ana gyara ta da aikin gayya bisa umarnin sarki. Wancan tsari na ƙwadago ya kau, ba a kuma maye gurbinsa da wani tsari na kuɗi ba.

Ƙari a kan haka akwai batun gado. Gida guda yakan zama mallakar magada masu yawa, kowa da kasonsa na shari'a, wasu na zaune a ciki, wasu sun yi nisa. Babu wanda zai zuba kuɗinsa a zauren da ba nasa shi kaɗai ba. Mafita mafi sauƙi ita ce a sayar a raba kuɗi, ko a yanka gidan kowa ya tayar da nasa da bulo.

3.2 Gine-ginen Sabon Gari da Cikaji da Samaru

Rukuni na biyu ya samo asali ne daga zuwan jirgin ƙasa. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911. Daga Zariya aka ja ƙaramin layin da ya nufi filayen kuza na Jos, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja na Gusau da Ƙauran Namoda, wanda ya kammala a 1929. Wannan ya mayar da garin mahaɗar jirage, Sabon Gari kuma ya tsiro a gefen tasha domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu da sauran sassa. Tare da tasha aka samu gidajen ma'aikata da ma'aikatar gyaran jirage da kantunan kamfanonin Turawa da sito-siton auduga da gyaɗa da masana'antar gurzar auduga. Daga baya aka keɓe rukunin masana'antu a Cikaji, inda kamfanin iri na Premier Seed yake. A Samaru kuwa, binciken aikin gona ya kankama tun 1922, sannan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A ɗaya ɓangaren garin akwai ginin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda aka buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ɗimbin littattafan da adabin Hausa na zamani ya ginu a kansu.

Sau da yawa ba a lissafa wannan rukuni cikin kayan tarihi, ana ganin sa a matsayin ragowar mulkin mallaka. Wannan ra'ayi yana da rauni, domin a waɗannan wurare ne manomin auduga ya fara hulɗa da sikeli da kuɗin Bature, a nan ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi, a nan kuma Hausar barikanci da ta 'yan kasuwa ta cuɗanya da harsunan baƙi. Kalmomi irin su tasha da kanti da sito da lebura da kwata suna da gine-ginen da suka shigo da su cikin harshen. Ta fuskar kuɗi kuma wannan rukuni yana da siffofi uku da na cikin birni ba shi da su: mamallaki guda, kamar hukumar jiragen ƙasa ko jami'a ko kamfani, filaye masu faɗi a kewayen gini, saboda tsarin Turawa na barin sarari, da kusanci da masu neman haya.

4.0 Matsayin Doka

Dokoki uku ne suka shafi wannan batu. Ta farko ita ce Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta kuma ba ta ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa. Ganuwar Zariya na cikin jerin, haka Gidan Makama a Kano da Hasumiyar Gobarau a Katsina. Dokar ta fi ƙarfi wajen hani, ba ta tanadi wata kafa ta kuɗi mai ɗorewa ga mai gini ba. Abin da ya faru da ginin Ilojo Bar a Legas ya isa shaida: an ayyana shi a 1956, aka rushe shi a Satumba 2016.

Ta biyu ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma sai da amincewarsa ake sauya mamallaki. Wannan iko yana iya zama makami mai amfani, domin ana iya rubuta sharaɗin gyara da kulawa a jikin takardar fili, ya bi filin duk inda ya je.

Ta uku ita ce dokar tsara birane ta 1992, wadda ta tanadi jera gine-gine masu muhimmancin tarihi ko fasali. Sai dai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ma'ana, Jihar Kaduna ce ke da ikon kafa ka'idar ginin tallafi, ta hannun hukumar tsara birane ta KASUPDA da hukumar rajistar filaye ta KADGIS. Filayen jirgin ƙasa kuwa na Tarayya ne, kuma akwai kamfanin kula da kadarorin hukumar jiragen ƙasa mai hedikwata a Kaduna, don haka duk wani shiri a kansu sai ɓangarorin biyu sun zauna. Cewa ana iya raya irin waɗannan kadarori ya tabbata a Legas, inda ƙungiyar Legacy ta gyara Gidan Jaekel na 1898 da ke harabar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi.

5.0 Lissafin Misali

Alkaluman da ke biye na misali ne kawai, an zaɓe su domin su nuna yadda lissafin ke tafiya. A ɗauka akwai tsohon sito a yankin Cikaji da ake son mayarwa ɗakin karatu da zauren taro. Gyara zai ci naira miliyan 120, darajarsa bayan gyara miliyan 70 ce, giɓin gyara ke nan miliyan 50. A ɗauka mai filin ya ba da sararin da ke gefe kyauta, gina gida guda zai ci miliyan 25, a sayar da shi miliyan 35. Daga miliyan 10 da ke tsakani, mai gini ya ɗauki miliyan 5 a matsayin ribarsa, rarar miliyan 5 ta tafi ga sito. Gidaje 10 sun cike giɓin.

Saura kulawa. Idan ginin na buƙatar miliyan 3 duk shekara, gida guda kuma na kawo hayar miliyan 1 bayan an cire ɗawainiyarsa, to ana buƙatar gidaje 3 na waƙafi. Gina su zai ci miliyan 75, wato rarar ƙarin gidaje 15. Jimilla gidaje 28. Idan kowane gida ya ci fuloti mai mita 15 da mita 30, ana buƙatar murabba'in mita 12,600, wanda idan aka haɗa da hanyoyi da magudanan ruwa zai kai kimanin hekta ɗaya da rabi.

Darussa uku ne ke cikin wannan lissafi. Na farko, tabbatar da kulawa ta dindindin ya fi cike giɓin gyara tsada, sai fa idan ginin da aka gyara zai riƙa kawo kuɗin shiga da kansa. Na biyu, babu gidan gado a cikin birni da ke da sararin hekta ɗaya da rabi, amma hukumomi da kamfanonin da ke yankin Sabon Gari da Samaru suna iya samunsa. Na uku, idan kuɗin gini ya tashi da kashi 20 cikin 100, daga miliyan 25 zuwa 30, farashin sayarwa kuma bai motsa ba, to abin da ya rage ribar mai gini ce kawai, rarar tsohon gini ta ɓace gaba ɗaya. Wannan ba abu ne mai nisa ba a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024.

6.0 Haɗurran da ke Tattare da Tsarin

Hausawa na gargaɗi kada garin gyaran gira a rasa ido. Haɗari na farko shi ne a sayar da gidaje, a kwashe kuɗi, a bar tsohon gini yadda yake. Da zarar an yanka filin an sayar, ginin ya rasa kadarar da ita ce kaɗai za ta iya ceto shi, kuma ba a yin wannan ciniki sau biyu.

Na biyu shi ne a fake da sunan raya wuri a raba filaye. Abin da ya faru a Kano darasi ne. An yi shekaru ana yanka fulotai a jikin badala, ganuwar da aka sa cikin jerin wucin gadi na UNESCO tun 2007, ba tare da an ɗaure kuɗin filayen da gyaranta ba. A Yuni 2023 sabuwar gwamnati ta shiga rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a ba bisa ka'ida ba, ciki har da na filin Idi da na tsohon otal ɗin Daula, al'amarin ya kai ga kotu. Masu zuba jari sun yi asara, ganuwa kuma ba ta samu komai ba. Yarjejeniyar da ba a yi ta a bainar jama'a ba, ba ta cika wuce wa'adin gwamnatin da ta ƙulla ta ba.

Na uku ya shafi mazauna. Tsofaffin gidajen ma'aikata da kewayen sito-sito ba kufai ba ne. Akwai 'yan fansho da masu ƙananan sana'o'i da 'yan haya da suka daɗe a cikinsu. Idan ceton gini ya zama sanadin korarsu, to an maimaita abin da ya faru a Battersea. Na huɗu shi ne gyaran da ke kashe asali, kamar shafe bangon ƙasa da siminti, wanda ke kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe ba a gani ba.

7.0 Sharuɗɗan da Suka Dace da Zariya

Bisa abin da ya gabata, maƙalar ta gabatar da sharuɗɗa shida:

i. A fara da jeri. Sassan nazarin gine-gine da tarihi da harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu da Masarautar Zazzau su tattara sunayen gine-ginen da suka cancanci adanawa a birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, da tarihinsu da halin da suke ciki, kafin wani mai gini ya zo da tayi.

ii. Masanin da ba shi da alaƙa da mai gini ne zai ƙiyasta giɓin gyara, a kuma wallafa lissafin kowa ya gani.

iii. Gyara ya riga ciniki. Kada a ba da takardar mallakar kashi na ƙarshe na gidajen sai an kammala gyaran, mai gini kuma ya ajiye lamunin banki tun farko. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

iv. A keɓe wani adadi na gidajen ko shaguna a matsayin waƙafi, ko amana mai rajista inda ginin ba na Musulmi ba ne, a ƙarƙashin amintattun da za su riƙa bayyana lissafi duk shekara. Haya tana bin farashin zamani, saɓanin kuɗin da aka ajiye a asusu.

v. A tanadi kason mazauna na asali a cikin sababbin gidajen, a rubuce, ba tare da damar rage shi daga baya ba.

vi. A halatta haɗa wuri biyu a yarjejeniya guda, ta yadda gidajen da aka gina a filin gwamnati a Cikaji ko Basawa za su ɗauki nauyin wata ƙofa ko wani zaure a cikin birni. Ta haka ne kawai gine-ginen ƙasa, waɗanda ba su da fili, za su ci moriyar tsarin, maginan gargajiya kuma su samu aikin da zai sa su ci gaba da koyar da 'ya'yansu sana'ar.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ginin tallafi hanya ce ta ƙarshe da ake bi idan sauran kafofi sun toshe, kuma amfaninsa ya dogara ga fili da doka da amana. Zariya tana da fili a yankin jirgin ƙasa da masana'antu, tana da masu neman gidaje, jihar kuma tana da ikon kafa ka'ida. Abin da ya rage shi ne a ɗaure alkawari kafin a yanka fuloti na farko, a kuma haɗa tsarin da waƙafi domin kulawa ta ɗore. Manazarta Hausa suna da rawar takawa tun daga matakin farko, domin su ne ke iya tattara sunayen sassan gini da labaran unguwanni da tarihin baka da ke bayyana dalilin da ya sa wani zaure ko wani sito ya cancanci a kashe masa kuɗi. Ginin da ba a rubuta darajarsa ba, da wuya a samu mai kare shi ranar da aka zo auna filinsa.